Iyakwandishan da ya yi ta nuna EC: kwana 46 a hannun masu gyara uku

## Asalin lamarin

Iyakwandishan ɗin mai rabi biyu ne: kai manne a bangon ɗakin kwana, inji a waje, bututun jan ƙarfe biyu da wayoyi suna haɗa su. Ƙarfinsa BTU 12,000 a awa, kimanin kilowat 3.5 na sanyi ke nan. Mai inbata ne, wato kwamfiresonsa yana ƙara gudu ko ya sassauta gwargwadon zafin ɗaki. Gas ɗin cikinsa R32 ne, wanda kamfanin Daikin ya fara sakawa a iyakwandishan na gida a Japan a 2012, yanzu kuma ya maye gurbin R410A a sababbin injina da yawa.

Takardar da ke manne a gefen injin waje ta nuna gas giram 580, wuta bolt 220 zuwa 240, iyakar matsi MPa 4.3. Littafin da ya zo cikin kwali ya ce giram 580 ɗin na bututu mai tsawon mita 5 ne, abin da ya haura haka a ƙara giram 12 a kan kowace mita. Bututun wannan gida mita 7 ne. Wanda ya kafa injin bai ƙara komai ba, mai gidan kuma bai san ana ƙarawa ba.

Gas ɗin iyakwandishan ba ƙona shi ake yi kamar man mota ba. Zagaye yake yi a rufaffiyar hanya. Yakan shiga kwayil ɗin ciki, wato naɗaɗɗen bututun da iskar ɗaki ke ratsawa, yana ruwa-ruwa, ya tafasa ya kwashe zafin ɗaki, kwamfireso ya zuƙo shi ya matse, kwayil ɗin waje ya zubar da zafin, ya koma ruwa ya sake dawowa. In babu kafar fita, abin da aka zuba ranar farko shi za a tarar bayan shekara goma.

Injin ya yi wata 14 ba a ji kansa ba. Mai gidan mutum ne mai son rubuta abu, yana da ɗan ma'aunin zafi na hannu, kuma ranar da ya fara zargin injin ya buɗe masa shafi a littafinsa. Daga wannan shafi da awon mai gyara na ƙarshe aka haɗa abin da ke biye. Ƙidayar kwanakin ta fara ne daga ranar da ya soma rubutu.

## Rana ta 1 zuwa ta 6: sanyi ya ja baya

Rimot na kan 24, ɗaki ya ƙi sauka ƙasa da 28. Mai gidan ya bar injin ya yi minti 15, ya auna iskar da ke shiga ta sama: digiri 29. Ya auna wadda ke fitowa ta baki: 23. Tazarar digiri 6 ke nan, alhali lafiyayyen inji yakan ba da 8 ko fiye.

Rana ta 2 ya zaro ragar tace ƙura guda biyu, ya tarar sun toshe kamar an shafa musu auduga. Ya wanke, ya shanya a inuwa, ya mayar. Iska ta ƙara ƙarfi har labule na motsi, amma da ya sake aunawa sai tazarar ta koma 5. Abin ya ɗaure masa kai, ya yi zaton ya ɓata wani abu. Bai ɓata komai ba. Toshewar raga tana rage iskar da ke ratsa kwayil, 'yar wadda ta samu wucewa kuma sai ta fito da sanyi sosai. Inji mai isasshen gas da toshasshiyar raga yakan ba da tazara mai yawa da iska kaɗan. Wannan kuwa raga a toshe ma tazararsa ba ta kai ba, da aka buɗe wa iska hanya sai ɗan sanyin ya ƙara rabuwa.

Rana ta 4 ya zagaya waje. Fanka na juyawa, amma iskar da take fitarwa da ƙyar za a ce mata ɗumi. Notin ƙaramin bututu ya yi fari fat da ƙanƙara, babban bututun kuma a bushe, ko raɓa babu. Ya rubuta abin da ya gani, ya ƙara da cewa tunda har ƙanƙara yake yi, sanyin injin bai mutu ba.

## Rana ta 7: EC ta bayyana

Da daddare injin ya tashi ya tsaya, ya tashi ya tsaya, sai fuskarsa ta daina nuna 24 ta koma haruffa biyu: EC. Mai gidan ya kashe bireka, ya ɗan jira, ya kunna. Bayan minti ukun da injin kan dakata don kada kwamfireso ya tashi a kan matsi, aiki ya ci gaba kamar ba a yi ba. Kafin gari ya waye EC ta dawo.

Ya shiga intanet neman ma'anarta, ya fito da amsoshi masu cin karo da juna. Kamfanoni ba su haɗu a kan lambobi iri ɗaya ba, kowa da nasa. Ƙarancin gas LG na nuna shi da CH38, Daikin da U0, Gree da F0, Samsung da E554, Panasonic kuma da F91. In kan ciki da injin waje suka daina jin juna ta waya, LG ya ce CH05, Daikin U4, Gree E6, Panasonic H11. Waɗanda suka fi rikita mutane su ne masu rubutu iri ɗaya: E1 a Gree matsi ne ya yi yawa, a wasu injinan kuwa E1 ɗin nan yankewar magana ce tsakanin ciki da waje. Ko kamfani guda yakan sauya lambobinsa daga wannan samfuri zuwa wancan. Sai da ya tono littafin injin ya ga layi ɗaya tak: EC alamar yoyon gas ce, a kashe a kira mai gyara.

Ta yaya injin ya san gas ya zube? Ba shi da sikeli a ciki. Abin da yake da shi sensa ce mai jin zafi, 'yar mitsitsiya da aka soke a jikin kwayil ɗin ciki. Da kwamfireso ya tashi, fanel, allon lantarkin da ke sarrafa injin, yakan riƙe zafin kwayil na wannan lokaci, ya jira 'yan mintoci ya ga ko zai sauka da kamar digiri 2. In bai sauka ba, aka kuma maimaita haka sau uku, sai ya rubuta EC ya tsai da aiki. Iyakar abin da lambar ke faɗi shi ne kwamfireso na gudu amma kwayil bai yi sanyi ba. Yoyo ne kan gaba cikin abubuwan da ke jawo haka, sai dai sensa da ta lalace ko ta zame daga gurbinta, bawul da aka manta a rufe, ko toshewa a bututu, duk suna iya fito da lambar nan.

Kashe bireka lissafin sau ukun nan kawai yake gogewa. Daga rana ta 7 zuwa ta 10 mai gidan ya yi haka sau 11.

## Rana ta 10: mai gyara na farko

Ya zo da geji na auna matsin gas, tukunyar gas da famfon wanki. Ya ɗaura geji a bawul ɗin babban bututu injin na aiki, allura ta tsaya a psi 70 (psi ma'aunin matsi ne). A wannan matsi R32 na tafasa ne a kusan digiri 10 ƙasa da sifili, abin da ya sa ƙaramin bututu yake ƙanƙara ke nan. A lokacin zafi lafiyayyen inji yakan zauna tsakanin psi 115 da 145, wato tafasa a digiri 3 zuwa 10.

Ya shafa ruwan sabulu a notuna biyu na injin waje, bai ga kumfa ba, ya ƙara ɗaure su da sifana. Ya ce wa mai gidan gas ne ya ƙare, haka yake yi in an shekara. Daga nan ya shiga ɗaki, ya ɗaga kan daga maƙalinsa, ya dogare shi da guntun katako ya wanke kwayil, ya mayar. Ya koma waje ya buɗe tukunya yana kallon allura, da ta kai 130 ya rufe. Tukunyar ba ta hau sikeli ba, iskar da ke cikin tiyo ma bai kore ta ba kafin ya buɗe bawul.

Sanyi ya dawo nan take: shiga 28, fita 17, tazara 11. Rana ta 22 tazarar ta zama 9, rana ta 27 ta zama 7. Rana ta 29, kwana 19 bayan zubin, EC ta sake fitowa.

## Rana ta 31: mai gyara na biyu

Wannan ya tarar da injin ya kwana biyu a kashe. Ya ɗaura geji a haka, ya ga psi 280. Zafin waje a lokacin digiri 32. Ya juyo ya ce, "Malam, gas ɗinka cike yake. Sensa ce ta mutu."

Matsin da aka gani a kashe yana da nasa bayani. Muddin akwai sauran ruwan gas a rufaffen wuri, zafin wurin ne ke yanke matsin, yawan gas ɗin bai shiga lissafi ba. Cikakkiyar tukunyar R32 da wadda ta kusa ƙarewa, a digiri 32 duk kusan psi 280 za su nuna. Sai ɗigon ƙarshe ya bi iska ne allura ke fara faɗuwa.

Ya buɗe kan ciki, ya zare sensar kwayil bai auna ta ba, ya ɗauko wata daga jakarsa wadda bakinta ya shiga gurbin fanel daidai, ya sa. Da aka kunna, sanyin bai kai ba, geji na nuna 85. Ya ce bari ya ɗan taɓa masa gas, ya ƙara har 120. Abu biyu suka canza a yini guda, EC ta ɓace, mai gyara da mai gida duk suka ce ai ga shi sensa ce. Tsohuwar sensar mai gidan ya ɗauke ta daga ƙasa ya jefa a aljihun tebur.

## Rana ta 36 zuwa ta 43: ruwa a bango

Sabuwar matsala ta ɓullo. Duk sanda aka kashe injin, bayan 'yan mintoci ruwa ya fara bin bango. Mai gidan ya zargi tiyon fitar da ruwa, wanda shi ne abin da aka fi samu in iyakwandishan na ɗiga. Ya zuba ruwa lita ɗaya a hankali cikin tiren da ke ƙarƙashin kwayil, ya fita ya ga ya sauko ta tiyo ba wahala. Hanyar ruwa lafiya lau.

Rana ta 39 ya ɗaga murfin gaba injin na aiki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kwayil ya daskare, ƙanƙara ta rufe tsakanin ganyayyakin alminiyan, iska da ƙyar take fita. Ya mayar da injin kan fanka kaɗai, sai da aka yi minti 40 kafin ta narke, guntayenta na faɗowa gaban tire. Daga nan ruwan bango yake. A kwanakin farko, lokacin da gas ya yi ƙasa sosai, bai taɓa ganin haka ba.

Rana ta 41 EC ta dawo karo na uku. Ya kashe injin gaba ɗaya, a ransa yana adana abin da ya saura.

## Rana ta 44: mai gyara na uku

Kafin ya taɓa sifana ya nemi a ba shi labari tun daga farko. Mai gidan ya miƙa masa littafi. Da ya zo kan batun sensa sai ya tambaya ko tsohuwar na nan.

Ya fara da wuta: bolt 229 a bakin injin, 226 da kwamfireso ya tashi, wayoyi duk a ɗaure. Ya kashe bireka ya jira minti 10 kafin ya kai hannu kusa da fanel, domin kafasitocin injin inbata sukan riƙe sama da bolt 300 bayan an yanke wuta.

Sannan ya ɗora mitar awon lantarki a kan sensa biyun don auna juriyarsu. Ɗakin na digiri 30. Tsohuwar ta ba da kilo-om 8.1, sabuwar ta ba da 4.0. Ya tsoma tsohuwar a kofin ruwan ƙanƙara, ta haura 33. Irin wannan sensa juriyarta na raguwa in zafi ya ƙaru, kuma kowane fanel da girman da aka gina shi a kai: akwai mai kilo-om 5 a digiri 25, akwai 10, 15, 20. Wannan injin na 10 ne, tsohuwar sensar kuma daidai take amsawa a zafi da sanyi. Wadda aka sa masa ta 5 ce. Kai da bakin iri ɗaya ne, ido ba zai raba su ba. Illar ita ce fanel yana karanta ta da ma'aunin ta 10. Kwayil na digiri 25, fanel na ganin sama da 40. Kwayil na sifili yana daskarewa, fanel na ganin kusan 14. Kariyar da ke sassauta kwamfireso in kwayil ya kusa ƙanƙara ba ta da ranar tashi. Kuma fanel bai yi ƙorafi ba, don lambar matsalar sensa tana fitowa ne in waya ta tsinke ko ta haɗe, banda in an sa wadda ba tata ba.

Ya mayar da tsohuwar gurbinta, ya kunna na minti 15. Matsi psi 62. Wutar da injin ke ja amfiya 2.4, takarda kuma ta ce kusan 5. Tazarar iska digiri 4. Bututun da ke fita daga kwamfireso digiri 101. A nan ya kashe. Gas mai sanyi da ke dawowa daga ɗaki shi ke sanyaya kwamfireso, shi kuma ke dawo masa da mansa. In ya yi ƙaranci, kwamfireso na aiki kaɗan amma yana dahuwa.

Ya kwashe abin da ya saura da injin kwasar gas zuwa tukunyar da ke kan sikeli: giram 210. Ya rufe bawul biyu na injin waje, ya zama an ware bututu da kan ciki su kaɗai. Ya hura musu naitirojin hawa-hawa, 70, sannan 220, sannan psi 435, ƙasa sosai da iyakar takarda, MPa 4.3, wato kusan psi 620. Naitirojin ake sawa don busasshiya ce kuma ba ta kama wuta. Oksijin ko iskar famfon taya, in suka haɗu da man kwamfireso a ƙarƙashin matsi, fashewa suke jawowa.

Cikin minti 40 allura ta sauko 415. Ramin yana wannan ɓangare ke nan. Sabulu a notunan waje bai nuna komai ba. Ya shiga ɗaki, ya ɗaga kan a hankali mai gidan na riƙe da shi, ya yanke tef ɗin da ya naɗe bututun a baya. Soson da ke rufe da babban bututu ya yi danƙo da mai, ƙura ta manne ya yi baƙi. Yana shafa sabulu a notin, kumfa ta taso kamar ana hurawa.

## Rana ta 44 zuwa ta 46: gyara

Mahaɗar bututun iyakwandishan ba walda ba ce. Buɗe bakin jan ƙarfen ake yi ya zama kamar mazurari, abin da masu sana'ar ke kira fileya, noti ya danne shi a kan ɗan'uwansa, ƙarfe a kan ƙarfe. Da aka kwance wannan sai ga leɓen ya siranta kamar takarda, tsaga mai kaurin gashi ta bi kusan kashi ɗaya cikin uku na zagayensa. Alamar ɗauri ne da ya wuce kima.

Ya yanke santimita 3 daga bututun mai faɗin milimita 9.52, ya kankare cikin bakin yana kife shi ƙasa don kada ɓurɓushi ya shiga, ya yi sabuwar fileya. Ƙaramin, mai milimita 6.35, bai nuna yoyo ba, amma tunda an motsa shi ya sake masa baki shi ma. Littattafan injinan R32 sun ce fileyar cikin ɗaki in an kwance ta ba a mayar da ita sai an sake. Ya ɗaure da sifana mai awon ƙarfi: ƙaramin a N·m 18, babban a 35, cikin iyakar da littafin ya bayar.

Ya buɗe bawul biyun don gwajin ya haɗa har da injin waje, ya sake hura naitirojin zuwa 435 a zafin digiri 33, ya ce sai gobe. Mai gidan bai so ba, tun rana ta 41 yake kwana cikin zafi, amma ya haƙura. Bayan awa 24 geji na 431, zafi na 30. A irin wannan matsi, kowane digiri ɗaya na sanyi yakan rage kusan psi 1.5. Digiri 3 sun cinye huɗun nan, babu yoyo.

Rana ta 46 ya saki naitirojin, ya ɗaura famfon zuƙe iska na minti 45 har ma'aunin iskar da ta saura a ciki ya sauka maikiron 380. Ya rufe ya jira minti 15, ya hau 450 ya tsaya, bai kai 500 ba. Wannan matakin yana fitar da iska da danshi. Man da ke cikin irin waɗannan kwamfireso yana shan danshi, in ya sha kuma yakan zama asid ya riƙa cin injin daga ciki.

Giram 210 da aka kwashe bai mayar ba, tunda ya gauraye da zubi biyu da iskar tiyo. Ya ɗora sabuwar tukunyar R32 a sikeli, ya zuba giram 604: 580 na takarda da 24 na ƙarin mita 2.

Bayan minti 20 na aiki: matsi psi 128, amfiya 4.6, shiga 27, fita 14.5, bututun kwamfireso digiri 74. Ƙaramin bututu babu ƙanƙara, babban ya yi sanyi yana raɓa.

## Rana ta 76 da ta 136

Tazarar iska digiri 12 a ranakun biyu. EC ba ta sake fitowa ba, ruwa bai ƙara bin bango ba. Mai gidan yana wanke raga duk sati biyu.

## Abin da aka fahimta

Tushen lamarin noti ɗaya ne da aka murɗe fiye da kima ranar kafa injin. Zubin masana'anta ya kai wata 14, zubin mai gyara na farko kwana 19. A ganina ɗaga kan da aka yi rana ta 10 don wanki shi ya buɗa tsagar, don bututun daga wannan mahaɗar yake lanƙwasa in an ɗaga. Giram 24 da ba a ƙara ba tun farko ba su ne matsalar ba, sun dai rage abin da injin zai iya asara kafin ya fara kuka.

Mai gyara na farko ya gane gas ya yi ƙasa, sai ya tsaya a nan. Mahaɗa huɗu ce, ya duba biyun da hannu ke kaiwa, a matsin psi 70 da bai isa ya tayar da kumfa daga siririyar tsaga ba. Zubi da kallon allura kuma ɗabi'ar zamanin injina masu gudu ɗaya ce. A inbata matsin yana hawa da sauka tare da gudun kwamfireso, 130 na iya zama cika, na iya zama rabi. Sikeli kaɗai ke faɗin gaskiya. Maganar da ya yi cewa gas kan ƙare da shekara ita ta fi komai sa mai gidan ya kwantar da hankali a inda bai kamata ba.

Na biyu ba zan ce zarginsa shirme ne ba, sensa tana iya kawo EC. Amma minti biyu da mita sun isa su wanke ta. Ya yarda da matsin da ya gani a kashe, kuma 85 ɗin da geji ya nuna masa bayan kunnawa ya ƙaryata shi a gabansa, bai koma baya ba. Aikinsa ya zama gyaran gangar auzinawa: yoyo na nan, kariyar ƙanƙara ta tafi. Da ya canza sensa kaɗai bai taɓa gas ba, da EC ta dawo a daren, da an san ba ita ba ce.

Mai gidan ya yi daidai a wanke raga, awon tazara, gwajin tiyo, da ajiye abin da aka cire. Tsohuwar sensar nan ita ta warware rabin rikicin. Inda ya yi kuskure shi ne bireka: littafinsa ya nuna ya goge EC sau 26 a tsawon lamarin, kowane karo yana mayar da kwamfireso aiki cikin zafin da lambar ke ƙoƙarin raba shi da shi. Kashewar da ya yi don adana gas ma ba ta adana ba. A irin wannan inji bututun biyu suna ɗauke da ƙaramin matsi in ana sanyaya, da an kashe sai matsin ya daidaita ya hau zuwa kusan 280 a wannan zafi, tsagar ta fi zuba a lokacin. Ƙanƙarar da ya gani rana ta 4 kuwa, da ya san karatunta, ta riga EC faɗin zancen da kwana uku.

Gas ɗin da ya bi iska a zubi uku, a ƙiyasi, ya fi abin da ke cika injin sau ɗaya, kuma ta cikin ɗakin kwana ya fita. R32 yana rukunin A2L, mai ɗan kama wuta in ya taru, kilo ɗaya nasa kuma yana ɗumama duniya kamar kilo 675 na iskar kabon.

Kafin mai gyara na uku ya rufe murfin bawul, ya ɗauki alƙalami mai kauri ya rubuta a cikinsa: bututu mita 7, R32 giram 604, sensar kwayil kilo-om 10.